Ramin da Na Ɓoye wa Ƙanena

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai ƙanena, Injiniya Rabi'u, makwancinsa a Maska. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan hau babur in je in yi masa addu'a a kan kabari in dawo. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin ni ba mutumin rubutu ba ne, a firamare karatuna ya tsaya. Bana na kama hanya kamar kullum, har na hango itatuwan maƙabarta, sai na ce wa mai babur ya juya da ni. Na ga ba ni da idon tsayawa a kansa muddin ban faɗi abin da zan faɗa a nan ba. Mai karatu ya yi haƙuri da ni. An saba a irin wannan shafi a yabi mamaci, kuma zan yabe shi domin ya cancanta, amma mafi yawan abin da zan rubuta laifina ne.

Mu biyu ne maza a ɗakin mahaifiyarmu, na girme shi da shekara tara. Da mahaifinmu ya rasu sai na bar makaranta na riƙe gona, daga baya na samu aikin gadi a wani kamfanin gurzar auduga a gefen Funtua. Shi kuma ya ci gaba da karatu har Zariya, ya zauna a Kaduna da iyalinsa. Bai taɓa kiran sunana ba. Ko a gaban manyan da yake aiki da su Yaya yake cewa, kuma in na shigo wuri yakan miƙe ya ba ni kujerarsa.

Aikinsa mutane da yawa ba su gane shi ba, har a cikin gidanmu. Idan za a sayar da tsohuwar masana'anta, ko za a yanka filinta a yi gidaje, akan kira shi ya duba ko an bar wata guba a cikin ƙasa ko a ruwan da ke ƙarƙashinta. Yakan zo da wani dogon ƙarfe da ake murɗawa ya nutse ya fito da ƙasar can ciki, da kwalabe, da kula mai ƙanƙara. Ya ɗebi ƙasa, ya ɗebi ruwa, ya kai ɗakin gwaji, sannan ya rubuta rahoto ya sa hannu. Matata Asabe, da yake akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta, ba ta barinsa ya huta. Takan ce 'yan ajinsu suna can suna gina gadoji, shi ya ƙare a durƙushe yana tonon ƙasa kamar mai roron gyaɗa. Shi kuma ya ce da za ta bari ya kai miyarta ɗakin gwaji da tuni hukuma ta rufe mata kicin.

Abu ɗaya kowa ya san shi da shi: ba ya sa hannu a kan abin da bai gamsu da shi ba. An taɓa cire shi daga wani aiki saboda ya ƙi sauya layi ɗaya a rahoto. Ya zo gida ya ba mu labarin yana cin dafaffiyar masara, kamar ba a kansa abin ya faru ba. Ni da bakina na yi ta yaɗa wannan labari a majalisa, ina alfahari.

A bayan harabar kamfaninmu akwai wani sito da ake ajiye maganin feshi da ake raba wa manoman auduga, da wanda ake cuɗa iri da shi kafin shuka. Da noman auduga ya ja baya sai aka bar wasu ganguna na ƙarfe a ciki shekara da shekaru, har suka yi tsatsa suka fara yoyo. In ka buɗe ƙofar sai idonka ya kawo ruwa. Wata rana manajanmu, wanda shi ma ya daɗe da rasuwa, ya ce a kawar da su. Ni da leburori biyu muka haƙa rami a bayan siton, taku ashirin yamma da wata tsamiya, muka mirgina su ciki muka rufe. Da rana tsaka muka yi, babu wanda ya ɗauka laifi ne. A wurinmu abin da aka binne ya tafi ke nan. Kafin shekara ta zagayo ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, tana maiƙo, ciyawa ta daina fitowa.

Daga baya kamfanin ya rufe gaba ɗaya, aka bar ni ni kaɗai ina gadin kango. Bayan wajen shekara goma masu wurin suka yanke shawarar yanka filin fuloti-fuloti su sayar, aka ce sai an fara dubawa. Cikin ikon Allah aikin ya faɗo wa ofishin su Rabi'u. Ya kira ni a waya yana murna, ya ce zai zo ya yi aiki a wurin aikin yayansa, in gaya wa Asabe ta tanadi miyar da za a gwada.

Kowa ya san yadda muke yi idan baƙo mai daraja zai zo. A share tsakar gida, a yayyafa ruwa, a kawar da duk abin da ido ba zai so gani ba. Ƙanena zai zo da mutanen da ke ganin girmansa, ban so su ga wurin da yayansa ya ƙare rayuwarsa kamar bola ba. Na nome ciyawa, na shafa wa ɗakin gadi farar ƙasa. Da na zo kan wannan baƙin tabo na bayan sito sai na ga shi ya fi komai muni. Na sa shebur na kankare samansa, na roƙi wani abokina direban tifa ya zubo mini jan burji, na baje a wurin, na ja shi har kan hanyar mota don kada ya zama kamar faci. Baƙar ƙasar da na kankare kuwa ban zubar ba. Idon manomi in ya ga baƙar ƙasa taki yake gani. Na loda ta a motar a-kori-kura aka kai mini gonata a Maska, aka jibge a kusurwar gabas.

Har zuwa nan zan iya cewa jahilci ne, kuma ina jin Allah zai dubi jahilcina. Abin da ya biyo baya da sanina na yi shi.

Ya zo da wata abokiyar aikinsa, Madam Rifkatu, 'yar Malumfashi, mace mai kaifin ido da ƙarancin magana. Kafin su fara ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini bayani. Ya ce ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa tafiya yake yi kamar na sama, daga tudu zuwa gangare, sai dai a hankali. In an binne guba, ruwan damina yakan wanke ta ya sauka da ita, bayan shekaru ta ɓullo a rijiyar mutumin da bai ma san an binne ba. Ya ce filin babba ne, ramuka kaɗan za su iya yi, kuma na'ura ba ta san inda ya kamata a haƙa ba. Ido ne ke nunawa, da hanci, da bakin tsofaffin ma'aikata. Ya ce a wannan aikin ya yi sa'a, domin tsohon ma'aikacin yayansa ne.

A kan bencin nan na fara gane abin da na binne. Na hango shi yana rubuta cewa an binne ganguna, kuma mai gadi ne ya binne, kuma a makon jiya ya rufe wurin da burji. Na hango matar nan tana kallona tana kallonsa. Da ya tambaye ni ina aka kai ragowar maganin da ke sito, sai na ji bakina ya ce mota ta zo ta kwashe tun da daɗewa.

Muka zagaya. Da muka iso bayan sito Madam Rifkatu ta tsaya, ta sa ƙafa ta ture burjin. Rabi'u ya durƙusa ya ɗebo shi a tafin hannu ya sansana.

"Yaya, wannan burjin sabo ne."

"Saboda zuwanka na zuba," na ce. "Wurin yana riƙe ruwa, kada motarku ta kafe."

"Babu komai a ƙarƙashinsa?"

"Babu komai."

Madam Rifkatu ta ce masa a hankali su ɗan nutsa ƙarfen a nan ko sau ɗaya ne. Ya miƙe ya kakkaɓe hannunsa. Bai dube ni ba, domin ba ya iya haɗa ido da ni tun yana yaro.

"Yayana ya fi shekara ashirin a wurin nan," ya ce mata. "In ya ce babu, to babu. Mu ajiye ramin don ɗakin janareta."

A wurinmu ƙane ba ya maimaita wa yayansa tambaya, balle a gaban baƙuwa. Na san haka, kuma da shi na fake. Da wani mai gadi ne ba ni ba, da ya haƙa. Na sha jin yadda yake yi wa manajoji, su rantse masa ya ce ya ji, amma bari ƙasa ita ma ta yi magana. Tarbiyyar da mahaifiyarmu ta yi masa ce na juya na yaudare shi da ita.

Suka haƙa a gidan inji, da ɗakin janareta, da bolar bakin ƙofa, da gaban sito. Suka ɗebi ruwan rijiyar harabar, wadda ke can kan tudu kusa da ɗakina. Rahoto ya fito ya ce akwai ɗan baƙin mai a wajen janareta, a kwashe shi, sauran filin ya dace da zaman mutane. Ya sa hannu.

Damina ta farko ta ba ni amsa. A kusurwar da na jibge baƙar ƙasa masara ta fito rawaya, ta tsaya a gwiwa. Zabin maƙwabcina suka yi tono a wurin, uku suka mutu kafin la'asar, ya ɗauka annoba ce. Abin da ya fi tsorata ni shi ne babu tururuwa a wurin, babu gara, in ka tona ba ka ganin tana ko ɗaya. Duk gonar tana motsi sai wannan kusurwar. A lokacin ba a sayar da fuloti ko ɗaya ba. Waya ɗaya ta isa. Nakan riƙe wayar in ajiye, in ce sai ya zo gida mu yi magana ido da ido.

Ya zo da babbar Sallah ta shekara ta biyu. Muka taka zuwa gona kamar yadda muka saba, yana tambayar iri da taki. Da ya nufi kusurwar gabas sai na ce masa ciyawa ta yi yawa a can, an ga maciji. Ya yi dariya ya ce Kaduna ta mayar da shi matsoraci, ya juyo. Wata huɗu bayan haka motarsa ta yi karo a hanyar Zariya. Aka kawo mana shi da hantsi.

Na yi kuka a ranar, kuma mutane sun ce ba su taɓa ganin wa ya so ƙanensa haka ba. Yau zan faɗi gaskiya: a ƙarƙashin kukan akwai wani ɗan sauƙi da na ji, cewa yanzu ba zai taɓa sani ba. Wannan sauƙin ne na fi jin kunyarsa a duk rayuwata.

Aka sayar da filaye. Ni ma masu wurin suka sallame ni da ƙaramin fuloti a can sama wajen tsohuwar ƙofa, na gina ɗaki biyu muka tare. Unguwa ta tashi da sauri. Malaman makaranta, 'yan kasuwa, masu aikin asibiti, duk wanda ya zo saye akan nuna masa takardar nan mai sa hannun ƙanena. Aka rushe siton, wani tela ya gina gidansa daidai kan ramin. Tsamiyar ce kawai aka bari, ta zama wurin zaman maza, aka yi ɗan masallaci a gefenta.

Bayan shekara guda da rasuwar sai matarsa, Hajiya Hadiza, ta zo daga Kaduna. Ta zauna a tabarma, kanta a ƙasa, ta ce ita da abokan aikinsa sun yi shawara za su haƙa rijiya sadaka, ladan ya riƙa isa gare shi. Ta ce ruwa ne aikinsa tun yana raye. Ta ce ba ta ga inda ya fi dacewa ba sai ƙasar da shi da kansa ya duba ya ce tana da kyau, kuma kusa da yayansa wanda zai kula da ita. Mai unguwa Malam Tukur ya ba da wuri a gabas da tsamiya. Duk wanda ya ga yadda ruwan sama ke bi a unguwar ya san gabas ne gangare.

Ranar da za a fara haƙa, da yake ni ne babba a dangi, ni aka miƙa wa diga in yi saran farko. Na yi bismilla na sara. Mutane suka ce amin. Na tuna bencin nan da bayanin tudu da gangare, na miƙa digar ga mai haƙa na koma gefe. Aka samu ruwa a kusa, mai yawa, mai sanyi. Aka ɗaure bakinta da siminti, aka rubuta sunansa a jiki kafin ya bushe. Har yau Rijiyar Injiniya ake ce mata, masu babur ma da ita suke kwatance.

Shekara goma ke nan unguwa tana sha. Gidana ne kawai ba a sha. Na shirya da wani ɗan ga-ruwa yana kawo mini daga wata rijiyar burtsatse can nesa, na ce wa Asabe ruwan rijiyar yana da zartsi, yana tayar mini da ciki. Ta yi mita da farko. Ta ce rijiyar ƙanena ce fa, mutane za su ce me, kowa na neman albarkarta sai gidan yayansa. Na ce mata ciki ba ya sanin dangi. Ta yi dariya ta bar maganar.

Ni ba likita ba ne, kuma ba zan ɗora wa ruwan nan abin da ban tabbatar ba. Cuta da mutuwa suna ko'ina. Amma ina zaune a unguwar, ina da ido. Matar maƙwabcina ta yi ɓari sau uku a jere. Telan nan ya kumbura, aka ce ƙoda ce, aka yi ta kai shi Zariya. Akwai gidajen da ƙaiƙayin jiki ba ya barinsu. Wataƙila ko da babu ramin haka za ta faru. Wataƙila. Ni dai duk sanda na ji an yi sallama da labarin rashin lafiya, ƙirjina ne ke fara amsawa, kuma ba ni da wanda zan tambaya, domin wanda zai iya gaya mini gaskiya shi ne na rufe wa ido.

A daminar nan telan ya rasu. Ina cikin waɗanda suka taimaka wajen wankansa. Aka jawo ruwa daga Rijiyar Injiniya, an yi ruwan sama kwana biyu a jere. Da na sunkuya kan bokitin sai na ji warin maganin nan. Kaɗan ne, wanda bai san shi ba zai ce warin saiwar tsamiya ne, kamar yadda mutanen unguwa ke cewa. Ni na yi shekaru ina buɗe ƙofar siton nan. Da wannan ruwa muka wanke shi, da shi muka yi alwala muka sallace shi.

Da na dawo gida na gaya wa Asabe komai, tun daga ganguna har diga. Sai da ta gama tankaɗen da take yi. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Wato ka tsare randarka, ka bar ta mutane."

Ta ce ranar sunan jikar maƙwabta ita ta jawo ruwan da aka dama kunun mai jego, da hannunta. Ta ce in tashi in je wurin mai unguwa kafin ta rigaye ni.

Na je bayan sallar la'asar, maza suna zaune a gindin tsamiya. Na tsaya a gabansu na faɗi abin da na faɗa muku. Na ɗauka za su zage ni, ko su kai ni ga hukuma, kuma na shirya wa hakan. Abin da ban shirya masa ba shi ne ba su yarda ba.

"Malam Idi," in ji mai unguwa, "ba kai ne ka ba mu labarin an cire marigayi daga aiki saboda ya ƙi rubuta ƙarya ba? To shi ya sa hannu a takardar nan. Da na'ura ya zo. Yanzu mu bar maganar injiniya mu kama ta mai gadi?"

Na ce ai ni na hana shi haƙawa. Ya ce mutum irin wannan ba a hana shi aikinsa da baki. Wani ɗan kasuwa ya shafa cikinsa ya ce shekara goma yana sha, in guba ce to ta karɓe shi, ƙiba ma ya ƙara. Aka yi dariya. Wani ya ce mutuwar tela ce ta taɓa ni, in je in huta. Wani kuma ya ja ni gefe ya ce in iya bakina, domin in maganar nan ta fita babu mai sake sayen gida a unguwar, kuma mutane duk abin da suka tara a rayuwa a nan suka zuba. Limaminmu ne kawai bai yi dariya ba. Ya tambaye ni, to in an rufe rijiyar, a ina mata za su ɗebi ruwa gobe da safe, tunda famfo bai taɓa zuwa ba? Muna cikin haka wata mata ta zo ta zura guga.

Na je sakatariyar ƙaramar hukuma sau biyu. An saurare ni da mutunci, aka ce in kawo takarda daga masani. Takardar masani ɗaya ce a kan filin nan, kuma ta ce ƙasar tana da kyau. Ofishin su Rabi'u ya daɗe da watsewa. Ban san inda Madam Rifkatu take ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai dawo ya ga yau. Daga Funtua zuwa Bakori zuwa Malumfashi, duk inda aka taɓa yin sito ko gidan mai ko garejin manyan motoci, yanzu igiyar awo ake ja ana kafa duwatsu. Ban ga ana kiran irinsa su duba ba, kuma masu saye ba sa tambaya. Jarkar maganin feshi in ta ƙare akan ɗauraye ta a zuba ruwan sha a tafi gona. Ina jin ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai sa safar hannu ya durƙusa. Zai iso bakin rijiyar nan ya ga sunansa a siminti, ya jawo guga ya sansana, kuma a take zai gane, domin ya riƙe burjin nan a tafin hannunsa. Sannan ya juyo. Na san ba zai ɗaga murya ba, na san ba zai haɗa ido da ni ba. Yaya zai ce. Wannan kalmar ce na kasa zuwa kabarinsa saboda ita.

Hajiya Hadiza, ban iya kiranki a waya ba, a nan za ki gani. Kin yi niyyar alheri, kuma ina roƙon Allah Ya ba ki ladan niyyarki, Ya kai masa nasa. Abin da ya gurɓata sadakar nan a wuyana yake, ba a wuyanki ko nasa ba. 'Ya'yansa su sani ubansu bai yi sakaci ba. Sau ɗaya a rayuwarsa ya karɓi maganar mutum a madadin gwaji, kuma mutumin yayansa ne.

An ce in za a rufe irin wannan rubutu a faɗi abin da mamaci ya bari. Rabi'u bai bar dukiya ba. Ya bar 'ya'ya masu tarbiyya, ya bar suna na mutumin da ba ya ƙarya. Sunan nan yana da ƙarfi har yau, ya fi ƙarfin rantsuwata. Saboda shi ne mutanen unguwarmu ke sha hankalinsu kwance, saboda shi ne suka ƙi yarda da ni. Na ɗauki abu mafi kyau da ƙanena ya mallaka na yi wa ramin nan murfi da shi, kuma yanzu na rasa yadda zan ɗaga. Ba na tsammanin wannan rubutu zai sauya komai. Na ga yadda aka yi dariya a gindin tsamiya, kuma gobe da safe za a zura guga kamar kullum.

Duk da haka, in akwai wanda ya yi aiki da shi yana karanta wannan, ko Madam Rifkatu in tana raye, ko wani mai irin ƙarfen nan da kwalabe, ya zo Funtua ya tambayi masu babur Rijiyar Injiniya. Daga gindin tsamiya a ƙirga taku ashirin zuwa yamma. Wurin yana cikin tsakar gidan marigayi tela, kusa da inda matarsa ke girki. Za a fara tarar da siminti, sannan jan burji kamar kamu ɗaya. Kada a tambaye ni komai, kada a yarda da abin da zan ce. A haƙa.

Allah Ya jiƙan Rabi'u, Ya haskaka kabarinsa. Ni kuma ban san ko na kai a roƙa mini gafara ba tukuna, tunda har yanzu ana sha.